Kaluluwar da Ba Ta Sacewa: Yadda Ake Gane Limfoma da Danginta

Babu wanda ya tashi a ƙasar nan bai san kaluluwa ba. Ƙaya ta soke ka a ƙafa, ko ka yi tuntuɓe ka fasa ɗan yatsa, bayan kwana biyu sai ka ji ƙullutu ya fito a matsematsi, yana zafi in an taɓa. Gyambo na warkewa ita ma ta sace. Sabon da muka yi da irin wannan shi ya sa muke yi wa kowace kaluluwa kuɗin goro, muna cewa mai zuwa ce ta tafi. To akwai wadda ba ta tafiya. Ba ta zafi, ba gyambon da ya jawo ta, sati huɗu, sati shida tana nan, har ma ƙara girma take. A kan irin wannan nake so mu tattauna, musamman da yake wani nau'in cutar ya fi kama masu shekara 15 zuwa 35, wato mu ke nan da muka cika makarantar nan.

Ni ɗaliba ce a sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, ajin ƙarshe na difloma. Ba likita ba ce ni, kuma takardar da za mu fita da ita ba ta ba wani cikinmu ikon ce wa mutum kana da ciwon daji ba. Wannan aikin likitan da ya ƙware a nazarin tsokar jiki ne. Amma samfurin da zai duba ta hannun irinmu yake bi, shi ya sa ya kamata mu san abin da yake nema.

Kaluluwa ba cuta ba ce, gaɓa ce. Kowa yana da ɗaruruwansu, a wuya, a hammata, a matsematsi, a cikin ƙirji da ciki, sai dai ba a jin su sai sun kumbura. Aikinsu tace ruwan jiki, kamar shingen da ake tare motoci a bincika. Masu tsaron shingen su ne wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait, kuma gida biyu ne, akwai B akwai T. Idan ƙwayar cuta ta shigo sai su hayayyafa su yaƙe ta, wurin ya kumbura, in ƙura ta lafa su koma yadda suke. Ciwon daji yana farawa ne ranar da ƙwaya guda ɗaya cikinsu ta samu matsala a gadon halittarta, ta ci gaba da haihuwar irin kanta ba tsayawa. Idan zuriyar nan ta taru ta yi ƙullutu a kaluluwa, ko saifa, ko hanji, ko muƙamuƙi, sunanta limfoma. Idan kuwa a ɓargo ta yi sansani ta malalo cikin jini, sai a ce lukimiya, wadda muka fi sani da sankarar jini. Iyakar da ke tsakanin biyun ba katanga ba ce. Akwai cutar da in an same ta a jini a ba ta suna ɗaya, in an same ta a kaluluwa a ba ta wani, alhali ƙwayar guda ce.

Tun kafin a zo lab, hannun likita yana faɗa masa wani abu. Kaluluwar gyambo taushi gare ta, ga zafi. Ta limfoma yawanci ba zafi, in ka matsa ta sai ka ji kamar roba. Ta tarin fuka takan manne da 'yan uwanta su yi curi, wani lokaci ta yi ruwa ta fashe tana tsiyaya. Wadda kuma wani dajin ne ya yaɗo cikinta, misali daga mama, takan yi tauri kamar dutse, ta ƙi motsi. Wadda ta fito a ramin nan na saman ƙashin wuya, ita kam ko ƙanƙanuwa ce ba a wasa da ita. Sai tambayoyi uku da ba a tsallakewa: zazzaɓi da ya haura maki 38 ba tare da an gano dalili ba, gumin dare mai jiƙa riga da zanin gado sharkaf, da ramar da ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin mutum a wata shida.

Ku sake karanta alamomin ukun nan. Zazzaɓi, gumin dare, rama. Ai tarin fuka ke nan! A nan gizo ke saƙar, domin a yankinmu mai kumburin wuya da waɗannan alamomi ya fi kusa da a ce tibi ce, kuma sau da yawa ita ɗin ce. Matsalar ita ce a ɗora mutum a kan maganin tibi na wata shida da zato kawai. In limfoma ce, wata shidan nan kyauta aka ba ta. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a tabbatar, a nemi ƙwayar tibi da rinin Ziehl-Neelsen ko da na'urar GeneXpert, kuma duk wanda ya yi sati huɗu zuwa takwas yana shan magani kaluluwar ba ta ja da baya ba, a koma a ciro tsoka. Wannan ruɗani ba yau ya fara ba. Carl Sternberg, wanda a 1898 ya yi bayanin ƙwayar da ake gane cutar Hodgkin da ita, shi kansa ya ɗauka wani nau'in tarin fuka ne. Dorothy Reed ce a Amurka, a 1902, ta tsaya a kan cewa cuta ce daban. Sunayensu biyu aka haɗa aka raɗa wa ƙwayar.

Abu na gaba da ke yaudarar mutane shi ne gwajin jini. Za ka ji an ce, "Ai mun je an auna jininsa, an ce lafiya lau." Mai limfoma yana iya zuwa da ƙidayar jini tsaf ba abin da ya taɓa ta, domin cutar tana can cikin kaluluwa, ba ta shigo jini ba tukuna. Inda jini ke tona asiri shi ne lukimiya. A shafa ɗigon jini a gilashi, a rina da Leishman, irin wanda muke yi a firaktikal, a sa a madubi. A lukimiya mai saurin kamu za a ga ƙwayoyi 'yan jarirai waɗanda ba su nuna ba, manya, cibiyarsu ta cinye kusan dukan jikinsu, waɗanda bai kamata su bar ɓargo ba. Mara lafiyar kuma ya ɗashe, dasashi na jini, zazzaɓi ya ƙi sauka, saboda baƙin sun cika ɓargo sun hana shi yin jini na gari. Sai a zuƙo ɓargon daga ƙashin ƙugu a ƙidaya, in jariran nan sun kai kashi 20 cikin 100, magana ta tabbata. Saura a san gidan da suka fito, na limfosait ne, wanda ya fi yawa a yara, ko na ɗaya gidan, wanda ya fi yawa a manya. Idan aka hangi wani siririn jan tsinke a cikin ƙwayar, wanda ake kira sandar Auer, to ba ta gidan limfosait ba ce. Wannan tambaya tana son fitowa a jarrabawa, na dai faɗa muku.

Masu tafiyar hawainiya su ma biyu ne. Ɗaya ta dattawa ce, gilashi ya cika da ƙananan limfosait nunannu, wasu sun murƙushe wurin shafawa kamar an goga yatsa a kansu. Ɗayar kuma takan zo da ƙatuwar saifa da fararen ƙwayoyi birjik a kowane mataki na girma. Ita ce mai kuromosom ɗin Philadelphia, wanda Peter Nowell da David Hungerford suka gano a 1960, inda kuromosom na 9 da na 22 suka yi musayar guntaye. Tana da ƙwayar magani tata ta kanta, imatinib, wadda ta mai da ita cutar da ake rayuwa da ita shekara da shekaru. Sai mayaloma, ta masu manyan shekaru, mai ciwon baya da karayar ƙashi ba dalili da lalacewar ƙoda. A gilashi jajayen ƙwayoyin jini sukan jeru kamar an tara kwabbai, a fitsari kuma akan samu furotin ɗin Bence Jones. Na wuce su da sauri ne don kowace cikinsu darasi ce mai zaman kanta.

Mu dawo kan kaluluwa. Hanya biyu ce ake ɗaukar samfurinta. Ko a soka siririyar allura a zuƙo 'yan ƙwayoyi, ko a yi ƙaramar tiyata a ciro ta ɗungurungum. Allura ta fi sauƙi da araha, kuma mutane sun fi yarda da ita, amma ƙwayoyi take ba ka a warwatse, kamar a kawo maka bulo goma a ce ka faɗi fasalin gidan da aka rushe. Rarrabe limfoma kuwa yana bukatar a ga ginin, a ga ko tsarin kaluluwar yana nan ko an share shi, ko ƙwayoyin sun taru ƙungiya-ƙungiya ko sun bazu. Don haka a mafi yawan lokuta ciro ta gaba ɗaya shi ne daidai. A zaɓi wadda ta fi girma da alamar ciwo, ba wadda ta fi sauƙin kamawa ba, kuma in da hali a kauce wa ta matsematsi, domin mu masu yawo da silifas tamu ta sha fama da tsofaffin gyambuna, tana iya rikita mai dubawa.

Tambayar farko da likitan zai yi wa gilashin ita ce, Hodgkin ce ko ba Hodgkin ba? Thomas Hodgkin likita ne a asibitin Guy's da ke Landan, a 1832 ya ba da bayanin mutum bakwai masu kumburin kaluluwa da saifa. Da ido ya yi aikinsa, ba da madubi ba, kuma da aka sake duba tsokar da aka adana bayan shekaru masu yawa sai aka ga ba dukansu ne ke da cutar da ke ɗauke da sunansa ba. Abin da ke tabbatar da ita yau shi ne ƙwayar Reed-Sternberg, ƙatuwa mai cibiya biyu, kowace da ɗigo a tsakiya, tana kallonka kamar idon mujiya. Abin mamakin shi ne ƙwayoyin dajin 'yan kaɗan ne ƙwarai a cikin ƙullutun, sauran duk ƙwayoyin lafiya ne da suka yi musu dafifi. Ka ga allura tana iya shiga ta fito ba ta ci karo da ko ɗaya ba, a rubuta "kumburi ne kawai", a sallami mutum. Hodgkin tana bin kaluluwa a jere, daga wuya zuwa ƙirji zuwa ciki, kamar mai bin gida-gida, wani lokaci da ƙaiƙayin jiki ba ƙuraje. Ita ce mai son matasa, kuma tana cikin dajin da ya fi jin magani: inda ake da kayan aiki, fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa. Amma kusan kashi ɗaya cikin goma ce kawai ta dukan limfoma.

Sauran kashi taran, su ne "waɗanda ba Hodgkin ba", sunan da bai gaya maka komai ba, kamar a ce da kai wane ba ɗan Dutse ba ne. A rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya sun haura iri 60. Don sauƙi ana kallon su ta fuska biyu, B ce ko T, mai gaggawa ce ko mai jan ƙafa. A nan akwai abin da ya saɓa wa tunani. Mai gaggawar, irin mai manyan ƙwayoyin B a baje, wadda ta fi kowace yawa a manya, tana iya kashe mutum cikin watanni, amma ana iya warkar da ita sarai. Mai jan ƙafar kuwa, irin wadda ke taruwa ƙungiya-ƙungiya, mutum zai yi shekaru da ita, wani lokaci ma ba a fara magani nan take, amma da wuya a tumɓuke ta. Dalilin shi ne maganin daji ya fi kama ƙwayar da ke tsakiyar rabuwa.

Wadda ta fi shafar gidajenmu ita ce ta Burkitt, don ƙannenmu take kamawa, galibi 'yan shekara huɗu zuwa tara, maza sun fi mata. Muƙamuƙi ya kumbura, haƙora su yi girgiɗi, ido ya turo, ko ciki ya yi tulu. Iyaye sukan ce hangum ne ko ciwon haƙori, a cire haƙorin, ko a kai wa wanzami ya yi tsaga ko sakiya. Alhali wannan ƙullutu yana iya ninka kansa cikin awa 24 zuwa 48, yana cikin dajin da ya fi kowane saurin girma a jikin ɗan Adam. Sati biyun da aka yi ana jiƙe-jiƙe ba ƙaramin lokaci ba ne.

Denis Burkitt likitan tiyata ne a asibitin Mulago da ke Kampala ta Yuganda, a 1958 ya buga bayanin cutar. A 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka shiga tsohuwar mota suka yi tafiyar kusan mil 10,000 cikin sati goma, asibiti-asibiti, suna tambaya ko ana ganin irin yaran nan. Suka gano cewa cutar tana bin zafi da damshi, ba ta hawa tsaunuka masu sanyi. Da ya zagayo Afirka ta Yamma ya tarar ta fi yawa a inda ruwan sama ya wadata, ta yi ƙaranci a busassun wurare. Taswirar da ya zana ta zo daidai da ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A 1964 kuma Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar bairos a cikin samfurin da aka aika musu Landan daga Kampala, bairos na farko da aka danganta da ciwon daji a ɗan Adam. Yadda aka fahimci abin yanzu shi ne, bairos ɗin Epstein-Barr, wanda kusan kowa ke ɗauke da shi tun yarinta, yana zaune cikin limfosait na B, maleriya mai maimaituwa tana ta zuga su suna rabuwa, har wata rana a yi kuskure, guntun kuromosom na 8 mai ɗauke da ƙwayar gadon MYC ya koma kan na 14. Daga nan totur ya maƙale. Kada wani ya ce mu 'yan Arewa mun tsira saboda ƙasarmu busasshiya ce: rahotannin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya sun daɗe suna sa Burkitt a sahun gaba na dajin yara, ga shi kuma fadamu da gonakin shinkafa ba su bar mu da ƙarancin sauro ba. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau shi ma yana cikin haɗarinta ko da babba ne, shi ya sa duk wanda aka samu da limfoma ake yi masa wannan gwajin.

Najeriya tana da hannu a tarihin nan fiye da yadda ake gaya mana a aji. A Ibadan, a 1963, Robert Pulvertaft ya raya ƙwayoyin Burkitt da aka ciro daga muƙamuƙin wani yaro ɗan shekara 11, suka ci gaba da rabuwa a kwalba. Su ne ake kira ƙwayoyin Raji, har gobe ana aiki da su a ɗakunan bincike na duniya. A Ibadan ɗin dai Victor Anomah Ngu, likita ɗan Kamaru, ya yi aikin nuna cewa magani yana narkar da ƙullutun, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Lasker a 1972 tare da Burkitt da wasu.

A madubi Burkitt tana da kyan gani, in har za a ce cuta tana da kyau. Ƙwayoyi matsakaita, duk kansu ɗaya, shuɗi mai duhu, sun cika fili, a tsakaninsu kuma ga fararen ɗigo-ɗigo, wato ƙwayoyin shara da ke cinye gawarwakin waɗanda suka mutu. Ana kiran wannan sama mai taurari. Wanda ya taɓa ɗaga kai a Takur cikin dare an ɗauke wuta ya san hoton. A nan kam allura tana da amfani sosai, domin ƙwayoyin dajin ne suka cika wurin, kuma da rinin Leishman ko Giemsa ana ganin 'yan ramuka kamar kumfa a shuɗin jikinsu. Ga yaron da ba shi da lokacin jira, wannan babban abu ne.

Sai dai ido kaɗai yana da iyaka, ƙwayoyi da yawa suna kama da juna. Mataki na gaba shi ne rini na musamman da ke kama tambarin da ke jikin kowace ƙwaya. CD20 ya kama, ta B ce. CD3 ya kama, ta T ce. Idon mujiyar Hodgkin yana kama CD30 da CD15. Burkitt tana kama CD20 da CD10, ba ta kama BCL2, sannan Ki-67, mai nuna yawan ƙwayoyin da ke cikin rabuwa, yakan kusa kashi 100. Kada ku ɗauka haddar lambobi ce kawai. Haɗin magungunan Hodgkin daban, na Burkitt daban, na manyan ƙwayoyin B daban. Akwai kuma allura mai suna rituximab da ke farautar CD20 kaɗai, mai tsadar gaske. A saya wa mai limfomar T ita, an zubar da kuɗin gona a banza. Irin wannan rini sai manyan cibiyoyi, shi ya sa daga nan Dutse, inda muke da asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni, wani samfurin ko mara lafiyar kan dangana da asibitin koyarwa na Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Bayan an san iri sai a auna nisan da ta yi, mataki na ɗaya zuwa na huɗu, bisa tsarin Ann Arbor na 1971, da hoton ƙirji da na ciki, wani lokaci da ɓargo.

Akwai abu ɗaya da ke lalata duk wannan aiki tun daga gida, wato deksa da firednisolon. Suna kashe limfosait, har suna cikin haɗin maganin limfoma da yawa. Mai kaluluwa ya je kemis a haɗa masa da su, kwana uku ƙullutu ya sace, kowa ya yi murna. Bayan 'yan makonni ya dawo da ƙarfinsa, kuma in aka ciro tsokar a tsakanin nan, matattun ƙwayoyi za a tarar, likita ya kasa cewa komai. 'Yan uwana mata masu shan sha-ka-fashe don a yi ƙiba, ku sani sau da yawa deksa ce a ciki. In za a ɗauki samfurinki, ki faɗa wa likita gaskiya, ba zai kai ƙararki gida ba.

Ragowar ɓarnar kuma a hannunmu take, mu 'yan lab. Lokacin da nake zaman koyon aiki a wani asibiti na ga an kawo kaluluwa daga wani gari, an cusa ta cikin 'yar kwalbar allura da ruwan gishiri, ta kwana biyu a aljihun ɗan uwan mara lafiya cikin zafin bazara. Ta riga ta ruɓe. Dole aka sake yi wa mutumin tiyata, aka sake biyan kuɗi, aka sake jira. Tsokar da za a yi nazari a kanta, ana ciro ta ake sa ta a fomalin mai ƙarfin kashi 10, ruwan ya ninka girmanta aƙalla sau goma, a mazubi mai faɗin baki, don tsoka tana tauri in ta sha fomalin, ta ƙi fitowa ta ƙaramin baki. Ba a matsa ta da hantsaki, limfosait ba su da ƙwari, suna murƙushewa. In babba ce a tsaga ta biyu don ruwan ya ratsa. Kada ta wuce kamar kwana uku a ciki, in ba haka ba rinin tambarin nan yana iya ƙin kamawa. In kuma ana zargin tibi, a yanki guntu tun kafin fomalin ya taɓa ta, a sa a ruwan gishiri mai tsabta a aika daban da gaggawa, domin fomalin yana kashe ƙwayar tibi, ba za ta tsiro ba in an shuka. A jikin kwalba, ba a murfi ba, a rubuta suna da lamba da ranar da aka ciro. A takarda kuma a cika shekaru, da wurin da aka ciro ta, da tsawon lokacin da ta yi, da duk maganin da mara lafiya ya sha, har wanda ya saya da kansa.